Rabin da Ya Bi Yaya Kabari

Daga Allah muke, kuma Yaya ya riga mu komawa gare shi. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ana yayyafi.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mu biyu muka rage, yanzu saura ni. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne jikata tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta tsallake ko inda zancen ya taka ta.

Duk unguwarmu ta Sabo ta zo gaisuwa, har ƙofar gida ta rasa wurin ajiye takalmi. 'Yan dako suka zo da gammonsu a hannu, suka durƙusa a zaure, babbansu ya ce, "Mun yi rashin uba. In an ɗauke wuta, janaretansa ne ke cika mana wayoyi, bai taɓa ɗaure mana fuska ba." Matan unguwa suka ce, "Allah sarki, bawan Allah, ba ruwansa da kowa." Liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ina zaune ina jin su kamar masu yabon rijiya saboda kyan murfinta.

Sai wani tsoho Bayarabe ya shigo yana dogara sanda. Tare suka yi aiki da Yaya a ɗakin kwamfuta na babbar makaranta tun suna da baƙin gashi. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin mata, ya yi mini sannu da Yarbanci, ya ce, "E pele, Mama." Ya share ido da hularsa. Sannan ya rage murya, da 'yar Hausarsa ta kasuwa, ya ce, "Aikin nan nasa, ya gama?"

Na ce, "Ya gama."

Ya ɗaga hannu biyu sama, ya juya ya fita. Cikin duk jama'ar da ta cika gidan nan, shi kaɗai ya san akwai abin tambaya.

Abin da Yaya ya gama yana cikin kwamfutarsa, cikin wata baƙar jaka, jingine da ƙafar gadonsa. Babu shi a ko'ina a duniya sai nan. A kan wannan jaka zuciyata ta zauna duk kwanakin makoki.

To, bari in koma baya.

Mahaifinmu ɗan kasuwar goro ne, a nan Sabo aka binne cibiyarmu. Yaya aka kai boko, ni aka kai ni gindin murhu. Haka zamanin yake, ban riƙe kowa ba. Ya fara aiki tun kwamfuta tana cika ɗaki guda, ana ciyar da ita da wasu katuna masu huji-huji. Waɗanda suka lalace yakan kawo gida, mu riƙa fifita wuta da su. Ya yi aiki, ya tsufa, ya aje. Matarsa ta rasu, nawa mijin ya rasu, na dawo gida. A lokacin ne ya ɗauko abin da ya ci ƙarshen rayuwarsa.

Ya ce yaran Sabo Hausa suke yi a ɗaki, Yarbanci a titi, Turanci a aji, amma inji ba ya jin maganarsu sai sun aro bakin wani. Ya ce zai gina ɗan ƙaramin yare na kwamfuta da kalmomin Hausa, yaro ya rubuta "tara", ya rubuta "ninka", ya rubuta "idan", inji ya ji, ya amsa. Don yaran Islamiyyar bayan gidanmu yake yi.

Ga yadda yake aiki. In ya sha koko, sai ya fito da teburinsa baranda, ya buɗe kwamfuta, ya ƙwala kira.

"Auta, kawo wakenki nan."

Alala nake yi ta sayarwa, kullum ina da waken tsinta. Ranar farko na ce, "Yaya, ni me na sani a nan?"

Ya ce, "Ba saninki nake so ba, kunnenki nake so. Masu irin aikinmu in abu ya cije, 'yar tsana suke ajiyewa a gaba, su yi ta yi mata bayani har su ji kuskurensu da bakinsu. Ke kin fi 'yar tsana. Kina kawo ruwa."

Na ce, "Allah ya shirye ka, da furfurarka."

Haka muka zauna shekara da shekaru, shi yana magana, ni ina tsinta. Abin da ya maƙale a kunnena shi zan faɗa, in na karkace laifina ne, ba nasa ba.

Ya ce aikin rabi biyu ne. Rabin farko shi ne mai rarrabewa. Yaro ya rubuta, a ce, uku a tara da huɗu, sannan a ninka da biyu. Mai rarrabewa zai ɗauki maganar ya tsara ta kamar bishiyar dangi: ninkawa ce uwa a sama, a ƙarƙashinta 'ya'ya biyu, ɗaya biyu ne, ɗaya kuma tarawa ce mai nata 'ya'yan, uku da huɗu. Iyakar aikinsa ke nan. Ya san wa ya haifi wa, amma bai san amsa ba.

Rabi na biyu shi ne mai kawo amsa. Shi ba ya sanin abin da yaro zai rubuta sai an rubuta an danna, a nan take zai kama bishiyar daga sama. Ya tambayi uwa, "Ke wace ce?" Ta ce ninkawa. Ya ce, "Dakata, ba ki da magana sai 'ya'yanki sun yi tasu." Ya sauka gun ɗa, in shi ma mai 'ya'ya ne ya sake sauka, har ya kai ga wanda ba shi da kowa a ƙasa, lamba tsurarta. Daga nan ya riƙa hawowa da amsa, jika ya ba uba, uba ya ba kaka, har a kai sama a ce goma sha huɗu.

Yaya yakan ce irin yaren da ya zaɓa yare ne na 'yan aike. Kowane aiki ɗan aike ne: ka ba shi abu, ya kawo maka abu, ba ya taɓa komai a hanya, ba ya sauya wa kowa wurin zama a gida. Ka aike shi da saƙo ɗaya sau dubu, amsa ɗaya zai kawo. Kuma in an raɗa wa abu suna, an raɗa ke nan. Kana son wani, sai ka haifi sabo, ba a kankare na farko. "Shi ya sa nake son sa," in ji shi. "Ba ya munafunci."

Akwai daminar da wani kuskure ya hana shi sakat. Amsa takan fito daidai yau, gobe ta fito a karkace, ba a sauya komai ba sai wurin da aka kira ɗan aiken. Ya rame. In na kai masa amala, haka zan ɗauke ta ta sandare. Wata safiya yana yi mini bayani, yana nuna fuskar injin da yatsa kamar ina gani.

"Kin ga wannan ɗan aike, a nan aka haife shi. A can aka kira shi. To a can ɗin ma akwai mai suna irin na nan. Shi kuma da ya tashi neman mai sunan, sai ya…"

Yatsansa ya tsaya a sama.

"La'ilaha illallahu. A gidan da aka kira shi yake nema. Ba gidan da aka haife shi ba."

Ya juyo, idonsa ya kawo ruwa. "Auta, 'yarki da ke aure a Akinyele, in ta ce 'Baba ya hana mu', wane Baba take nufi? Surukinta?"

Na ce, "Ubanta mana."

"Ko a ina take?"

"Ko a Makka."

"To haka ɗan aike ya kamata ya zama. Duk inda ya je, ya tafi da sunayen gidansu a ƙulle a zaninsa. Na gode, Auta."

Na ce, "Ni ban ce uffan ba."

Ya ce, "Shi ya sa." Ranar ya cinye amalarsa, ya nemi ƙari.

Ba zan ce Yaya ba shi da aibu don ya mutu ba. Mutum ne mai taurin kai, kuma haƙurin da yake yi da inji bai yi da 'ya'yansa ba. Babban ɗansa yana ƙarami ya zaunar da shi koyon lissafi, yaro ya ruɗe, ya ce masa a gaban ƙannensa, "Tashi, kanka na kasuwa ne." Yaro ya tashi. Ya girma ya shiga harkar albasa a kasuwar Akinyele, Allah ya buɗa masa. Shi ke ciyar da gidan nan, shi ke zuba wa janareta mai. Kullum yakan durƙusa ya gai da ubansa daga tsakar gida. Amma muddin kwamfutar nan tana buɗe, ƙafarsa ba ta taɓa taka barandar ba, uban kuma bai taɓa cewa "Hawo ka gani" ba.

Wani taurin kan nasa kuma, ba ya ba kowa aikinsa, ba ya ajiye shi a wani wuri. Tsohon abokinsa ya yi masa faɗa, jikata ta yi. Sai ya ce, "Ba a fitar da tuwo daga tukunya yana ɗanye."

Jikata, 'yar 'yata, ita ce ta gado shi. Karatun kwamfuta ta yi. In ta shigo gidan sai ya ce, "Matar, yau ma ba ki yi mini girki ba?" Ta ce, "Tsoho, da wane haƙorin za ka ci?" Ita ya ba rabin farko, mai rarrabewa, ta gina shi a tata kwamfutar, ta kawo ya haɗa da nasa. Nasa rabin kuwa, mai kawo amsa, ko ita sai dai ta leƙa ta kafaɗarsa.

Rigimarsu ta tashi gab da za ta tafi bautar ƙasa, can nesa a Arewa. Tana so kafin ta tafi su kai wa yaran Islamiyya su gwada. Suka zauna gwaji a baranda. Ta rubuta wani suna da ba a raɗa wa komai ba, irin kuskuren da yaro zai yi. Injin ya tsaya cak, ya watso wani dogon Turanci.

Ta ce, "Kaka, yaro ya ga wannan ai guduwa zai yi. In bai san suna ba, ka sa ya ɗauke shi sifiri ya wuce. Layi ɗaya ne. Gobe mu kai musu."

Ya ce, "Sifiri amsa ce. Shi kuwa ba shi da amsa."

"Yara ne fa, ba masu harba jirgi ba."

"Don yara ne. Babba in inji ya yi masa ƙarya yana iya kama shi. Yaro haddacewa zai yi. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya kuma faɗi inda ya ɓace, da Hausa, da taushi. Wannan ne ban gama ba."

"Tun ina firamare kake cewa ba ka gama ba! To ba ni nakan, in gyara a can."

"Ɗanye ne."

Ta miƙe tsaye. Ta ce, "Wallahi Kaka, mutuwa za ka yi kana gyaran abin nan, ba yaron da zai taɓa ganinsa."

Na ce, "Ke! Bakinki!"

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya ce, "Ɗauki rabinki ki tafi."

Ta ɗauka ta tafi. Ta hau mota a tashar Ojoo ba su yi sallama ta kirki ba. Bayan haka suna gaisawa a waya, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi. Ba "matar", ba "tsoho". Ba wanda ya ƙara ta da zancen aiki.

Amma maganarta ta shige shi. Ya rushe rabinsa ya sake ginawa daga tushe. Ya ce yanzu kowane ɗa in ya hawo, ɗayan biyu zai kawo wa uwarsa: ko amsa, ko uzuri. In uzuri ne, uwa ba za ta ƙirƙiri komai ba, za ta miƙa shi sama yadda yake, har ya isa ga yaron da ya rubuta. Idonsa ya fara rauni, ya ƙara girman rubutun har daga inda nake tsinta ina hango baƙaƙen. Ƙafafunsa suka kumbura, ya riƙa ɗora su a kan turmi. Bai fasa ba.

Wata ranar Laraba da hantsi ya ce, "Auta, aje faifan nan. Ba ni lissafi." Na ba shi na mudun wake da ƙullin alala, ya danna, ya karanto mini amsa, daidai. Ya ce, "Yanzu ji wannan." Ya rubuta sunan da babu shi. Ya karanta mini abin da injin ya ce: "Ban san wannan sunan ba tukuna. Ka raɗa shi a sama, sai mu ci gaba."

Ya ce, "Tuwo ya nuna."

Na ce, "To kira yarinyar nan."

"A'a. Sai ta zo hutun Sallah. In ajiye mata a gaba, in ga bakin da ya ce ba zan gama ba. Kada ki gaya mata."

Bai kai Sallah ba. Mako bai zagayo ba ya zame a wurin alwala, aka kwantar da shi, bai ƙara magana ba.

Washegarin rasuwa na aika a kira mini babban ɗansa. Ya zo ya durƙusa, idonsa jawur. Na ce, "Jakar nan ta babanku, me kuka yanke a kanta?"

Ya ce, "Gwaggo, mun zauna da ƙannena. Ba wanda zai ci gadonta. Sadaka za mu yi da ita ga Islamiyyar bayan gida, yara su riƙa koyo, lada yana isa gare shi."

Jama'a, sanyi na ji har ƙafata. Na ce ashe yaron nan ya san abin da ubansa yake yi, ashe jini ba ya ɓuya. Na sa masa albarka, na ce Allah ya ba shi masu yi masa. Ya tashi ya tafi.

A gidajenmu ba a ba da kayan mamaci yadda ya bar su. Riguna a wanke su, a goge. Aljihu a zazzage, kada wani ya ga abin da mai shi bai so a gani ba. Wannan rufin asiri ne, haƙƙin mamaci ne a kan masu rai. Ranar sadakar uku rigunan Yaya suna shanye a igiya, babban ɗansa ya ɗauki jaka ya hau babur ɗin okada zuwa unguwar Mokola, wurin wani mai gyara. Ya ce masa, "Ta mahaifina ce, ya rasu, makaranta za mu ba. A share duk abin da ke ciki, a zuba sabo, yara su same ta fes." Bai gaya mini ba, don wa ke shawara kafin ya wanke rigar mamaci? Ni kuma ban tambaya ba, don ban san ana yi wa inji haka ba.

Jikata ta iso kafin sadakar bakwai. Ta faɗa jikina tana kuka, tana cewa, "Iya, bakina ne, bakina ne." Na ce, "Bakinki bai isa ba, kwanansa ne ya ƙare. Share hawayenki. Ya gama. Yana jiran ki ne ya nuna miki." Ta ɗago kai. Na ce, "Kwamfutar tana Islamiyya."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita. Ina zaune ina jiran ta dawo da dariya. Ta dawo da jakar a rungume, ta tsaya tsakar gida, ta ce, "Wa ya kai ta gyara?"

Ta koma Mokola da ita. Suka wuni da mai gyaran suna tono. Mutumin kirki ne, da ya ji labari har rufe shagonsa ya yi don su samu natsuwa. Ba su samo komai ba sai tarkacen da ba ya haɗuwa. Ta ce mini za ta sake ginawa, ta san hanyar. Na yarda za ta iya. Amma in ta gina, nata ne. Na Yaya ya bi shi.

Ba wanda ya yi wa babban ɗan faɗa. Me za a ce masa? A bakin ƙannensa ya ji abin da ya sa aka share. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina shigowa cikin gida. Sai bayan sadakar bakwai, da la'asar sakaliya, jama'a sun watse, na ga ya tsaya a gindin baranda. Jikata tana zaune a kujerar Yaya da tata kwamfutar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmi ya hau.

Ya ce, "Nuna mini abin da Baba yake yi."

Ta matsa masa. Ta ce, "Kawu, ba ni lissafi."

Ya yi tunani. "Mota uku, kowace da buhun albasa arba'in. A cire biyar da suka ruɓe."

Ta rubuta da Hausa, yana bin yatsunta da ido, yana motsa baki, don kalmomin nasa ne. Ta danna. Bishiyar ta fito. Ta nuna masa: ga cirewa a sama, ga biyar a gefe, ga ninkawa a ƙasa da uku da arba'in ɗinta.

Ya ce, "Ikon Allah. Ya ji." Ya sunkuya ya ƙura ido. Mutumin da ke yin irin wannan lissafi a ka kafin direba ya kashe mota, ya riƙe gwiwa yana jira.

Ya jira. Ya ce, "To, ina amsar?"

Ta ce, "Nan nawa ya tsaya, Kawu. Daga nan na Kaka ne."

Bai ɗauke ido daga bishiyar ba. Can ya juyo gare ni.

"Gwaggo, ke kin ga yana ba da amsa?"

Na ce, "A gabana ya bayar."

"Yaya yake? A ina take fitowa? Sama ko ƙasa?"

Na ce, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Fuskar babanka na kalla."

Ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Aka kira magariba, maza suka wuce masallaci ta ƙofar gida, shi yana nan.

Ya Allah, kai ne ba a share komai a wurinka. Ka ji ƙan Yaya, ka yalwata masa kabari, ka ba shi ladan abin da ya gina ko da yaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ka sanyaya zuciyar ɗansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.